Dare bakwai a Tromso: yadda ƙanena ya je ɗaukar hasken orora da kifin wel

Asalin maganar

Ɗan ƙanin mahaifina ne, shi ya ce in rubuta amma in bar sunansa. A shagona ya koyi hoto a Kano, tun yana riƙe min fitila a wajen kamu da dina har ya zo ya fi ni hannu, shekara shida muna tare. A watan Satumba 2024 ya tafi Ingila karatun digiri na biyu, ya ɗauki kyamararsa Canon da lensi ɗaya mai 24-70 f/2.8 (24-70 tsawon lensin ke nan, f kuma faɗin ƙofar da haske ke shiga, ƙaramar lamba ta fi faɗi), ɗayan kuma mai 70-200 f/2.8 ya bar min a shago, don ni na roƙe shi ya bari saboda bukukuwan ƙarshen shekara sun matso.

Daren 10 ga Oktoba 2024 aka yi wata babbar guguwar rana, hasken orora ya sauko har Ingila, ya leƙa ta tagar ɗakinsa ya ga wani ja-ja a sama, ya ɗauka da waya ya turo min wajen ƙarfe goma sha ɗaya yana cewa "Yaya kalli ikon Allah, wallahi sai na je inda abin nan yake na ɗauke shi da kyamara ta gaske". Ga wanda bai sani ba, orora wani haske ne da ke fitowa a samaniyar ƙasashen can ƙurya ta arewa, rana ce ke feso wasu ƙwayoyi masu caji, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa wajen ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar sama a nisan kilomita 100 zuwa 300, iskar oksijin ta ba da kore, can sama sosai ta ba da ja, naitirojin kuma ta ba da shuɗi da ruwan hoda. Ƙarfin ranar yana hawa da sauka kusan duk shekara 11, kuma a tsakiyar Oktoban nan hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sanar cewa an shiga ganiyarsa. To ka ga yaro ya samu hujja.

Duk lissafin da zan kawo a ƙasa na samo shi ne daga saƙonnin murya da ya riƙa turo min kullum, da kuma bayanan da kyamara ke rubutawa a jikin kowane hoto, don ya turo min fayilolin gaba ɗaya na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Oktoba zuwa Nuwamba 2024: shiri

Ya zaɓi Tromso a arewacin Norwe, gari ne a kan tsibiri, kusan kilomita 350 arewa da layin Aktik, wato iyakar yankin da rana kan ƙi fitowa a tsakiyar hunturu. Buri biyu ya ɗauka, orora da daddare, da rana kuma kifin wel, don daga wajen Nuwamba zuwa Janairu manyan kifayen nan, oka mai baƙi da fari da kuma wel mai doro, suna bin garken ƙananan kifin herin zuwa cikin mashigan teku na wajen Skjervøy, arewa da Tromso. Ya nemi bizar Shengen, wadda ake shiga Norwe da ƙasashen Turai da dama da ita, daga Ingila, kuɗinta Yuro 90, da inshorar lafiya da dole sai ta kai Yuro 30,000, ta fito cikin sati uku. Ya sa tafiyar a kwanakin da ke kewaye da 1 ga Disamba saboda lokacin duhun wata ne, ƙarshen watan Musulunci, sama za ta yi baƙi ƙirin.

Kayan da ya haɗa: kyamara, lensin 24-70, wani dogon lensi mai 150-600 f/5-6.3 da ya aro wurin abokin karatunsa, ƙafar kyamara mara nauyi ta arha, batir uku, ɗaya orijinal biyu na kasuwa. Sutura kuma jaket ɗin da yake sawa a Ingila, wandon jins, safar auduga, da kambas. A wayarsa ya sa wata manhaja mai nuna lambar Kp, wato ma'aunin girgizar maganaɗisun duniya daga 0 zuwa 9, a ransa in lambar ta kai 5 a fita, in tana ƙasa a kwanta.

Ya san cewa daga wajen 27 ga Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sam a Tromso. Ya ɗauki wannan a matsayin riba, dare mai tsawo, dama mai yawa.

Dare na ɗaya da na biyu: cikin gari

Jirgi daga Landan awa uku da rabi. Ya sauka da yamma ya tarar da digiri 1 ƙasa da sifili, ya ce min "Yaya ai sanyin bai kai yadda ake faɗa ba", kuma gaskiyarsa, ruwan teku mai ɗumi da ke biyo gaɓar Norwe shi ke sa Tromso ba ta daskarewa kamar sauran wuraren da ke layi ɗaya da ita. Amma wannan tekun dai shi ke kawo gajimare. Daren farko ya hau zuwa tafkin Prestvannet da ke saman tsibirin, inda mutane ke taruwa don fitilu ba su da yawa, ya tsaya awa uku, dusar ƙanƙara mai haɗe da ruwa tana sauka, bai ga ko tauraro ɗaya ba, kambas ya jiƙe sharkaf, safar auduga ta sha ruwa ta riƙe, ya koma masauki ƙafa kamar ba tasa ba.

Washegari Juma'a. Manhajar sallarsa ta rikice, babu fitowar rana balle faɗuwarta, sai ya nufi masallacin Alnor da ke cikin garin, a nan aka yi masa bayani cewa a irin waɗannan kwanakin da lokutan Makka suke amfani. Bayan an idar ya zauna da wani dattijo direban tasi da ya daɗe a garin, ya nuna masa wayarsa yana cewa Baba lambar nan ta ƙi hawa, dattijon ya ce masa ya bar kallon lamba ya kalli gajimare, in gari ya rufe a nan mutane Skibotn suke nufa, bayan duwatsu. Ya ji, ya yi godiya, amma da dare ya yi sai ya ga manhajar ta nuna Kp 4, ya ce yau kam akwai, ya tafi bakin ruwa a Telegrafbukta a kudancin tsibirin. Awa huɗu. Gajimare daga wannan ƙarshe zuwa wancan, fitilun gari sun haska shi ya koma ruwan goro. Hoto 14 ya ɗauka, duk na gajimare.

Dare na uku: babbar bas

Ya biya kuɗi ya shiga wata babbar bas ta masu kai baƙi, mutum sun fi arba'in, aka tsallaka gada zuwa tsibirin Kvaløya aka tsaya a bakin wani mashigin teku. Wajen ƙarfe tara da rabi gajimare ya ɗan yage, sai ga wani abu kamar hayaƙi fari-fari ya miƙe a sama, mutane suka ɗau ihu. Abin ya yi kamar minti ashirin.

A minti ashirin ɗin nan ya ɗauki hoto 31, ba ko ɗaya mai amfani. Na bi su da kaina. Na farko-farkon duk sun fita daga fokos, taurari sun zama manyan ƙwallaye, saboda ya bar lensin a kan otomatik kamar yadda muka saba a biki, kuma a cikin duhu lensi ba shi da abin da zai kama sai ya yi ta kai da komo. Na tsakiyar suna da fokos amma komai ya ja layi, iska ce ke kaɗa ƙafar kyamarar, shi kuma yana danna maɓalli da hannu alhali kyamara na buɗe tana tara haske na daƙiƙa 20. Na ƙarshen kuwa kamar an shafa musu man shanu. Dalili shi ne kafin hasken ya fito sau uku yana shiga cikin bas ya ji ɗumi da kyamarar a wuyansa, duk shigar da zai yi gilashin ya yi gumi, daidai yadda ledar fiya wata ke yi in ka fito da ita daga firij a watan Afrilu, in ya fita kuma gumin ya daskare a kan gilashin, ya sa gefen jaket ya goge, ya ƙara dagulewa. Batir biyun na kasuwa da ya bari a jaka suka nuna ja kafin a yi awa ɗaya, a digiri 7 ƙasa da sifili.

Saƙon da ya turo min a daren nan muryarsa a dushe take. "Yaya na gan shi da idona amma ban ɗauko shi ba, shekara shida ina wannan aikin." Na ce masa ya yi haƙuri ya kwanta, da sauran kwana huɗu.

Rana ta huɗu: Skjervøy

Jirgin ruwa ya tashi ƙarfe takwas na safe cikin duhu, kusan awa uku ana tafiya. Hasken da ake samu a can a wannan lokacin irin na bayan magariba ne kafin isha, shuɗi-shuɗi, daga wajen ƙarfe goma zuwa ɗaya da wani abu, shi kenan. Kifayen sun fito, kuma da yawa, ya ce ya ga oka sun fi goma a jere, ƙayar bayan namijin a tsaye kamar ƙyauren ɗaki, ga wel mai doro yana ɗaga wutsiya kafin ya nutse, ga tsuntsaye na bin ragowar herin, har mikiyar teku ta wuce ta samansu.

Matsalar lissafi ce. Jirgi na rawa, kifi na motsi, in kana son hoto ya tsaya cak sai ka sa gudun ɗauka wajen 1/1000 na daƙiƙa. Dogon lensin da ya aro in ka ja shi ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce f/6.3, hasken da ke shiga bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wanda f/2.8 ke sha ba. Da ya sa 1/1000 sai ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, ya haura 25,600, hoto ya cika da tsaki kamar garin kwaki. Da ya sauko 1/250 don ya rage tsakin sai kifin ya zama inuwa. Kuma da oka suka matso dab da jirgin, tazarar da ba ta fi tsawon mota biyu ba, lensin ya yi masa tsawo, ba abin da ya cika fuskar sai baƙar fata, kafin ya canza zuwa 24-70 da yatsu a sandare sun nutse. Ga jiri, don kallon teku ta cikin dogon lensi a kan jirgi mai rawa yana tayar da zuciya, sau biyu yana amai. Ga feshin ruwan gishiri a kan gilashi.

Hoto 940 ya ɗauka a ranar. Da muka tace, shida ne za a iya nuna wa mutum a waya, ba ko ɗaya da zai jure a buga shi babba. Wata mata da ke kusa da shi da 70-200 f/2.8 take aiki, ta nuna masa nata a hanyar dawowa, ya ce min bai iya cewa komai ba.

Rana ta biyar: gyara

Bai fita ko'ina da safe ba, ya zauna ya sake lale. Ya sauke manhajar Yr ta hukumar yanayi ta Norwe ya koyi duba taswirar gajimare, sai ya ga abin da dattijon nan ya faɗa masa ƙiri-ƙiri, gaɓar teku a rufe, can ciki bayan duwatsun Lyngen kuma wani fili tas. Duwatsun ne ke tare iska mai laima da ke tasowa daga teku, shi ya sa kwarin Skibotn yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwa a Norwe, har an gina wajen kallon taurari a can. Ya kuma gane cewa Tromso tana ƙarƙashin zoben orora ne kai tsaye, wato da'irar da hasken ya fi bayyana a kewayen ƙuryar arewa, ko Kp 1 ko 2 ana ganin haske muddin sama a buɗe take, lambar Kp ta fi yi wa mutanen nesa amfani irin na Ingila da sai guguwa ta yi ƙarfi take isa gare su.

Ya nemi ƙaramar mota mai ɗaukar mutum takwas, kafin ya biya ya tambaye su ko suna tsallakawa Finlan in ta kama, suka ce eh, ya taho da fasfo. Su ne suka ba shi aron rigar sanyi ta haɗe da takalmi mai kauri. Ya sayi safar ulu da safar hannu siririya da zai sa a ƙarƙashin babbar, da babbar leda mai zif, da salatif. Ya yi alwalarsa a masauki ya busar da hannu sosai kafin ya fita. Batir ukun ya zuba su a aljihun ciki, jikin ƙirjinsa.

Dare na biyar: hanyar E8

Sun bar Tromso ƙarfe shida, digiri 3 ƙasa da sifili, dusa na sauka. Suka bi E8 ta Nordkjosbotn, a Skibotn akwai taurari amma da ɗan siririn gajimare, direban ya ce a ci gaba, suka yi ta hawa har suka tsallaka iyaka zuwa wajen Kilpisjärvi, kimanin kilomita 160 daga Tromso. Ma'aunin mota ya nuna 21 ƙasa da sifili. Ya ce da ya ja numfashi sai ya ji gashin hancinsa ya manne. Kp a daren 2 ce.

Ga abin da ya yi daki-daki. Ya kafa ƙafar kyamara bai buɗe ta duka ba, ya danna ta cikin dusa, ya rataya jakarsa a tsakiya don nauyi. Ya kashe otomatik, ya nemi tauraro mai haske a allon kyamara, ya zuƙo shi sau goma, ya murza fokos da hannu har ya zama ɗan ɗigo, ya liƙe zoben da salatif. Lensi a 24, ƙofa f/2.8, ISO 3200, RAW wato ɗanyen fayil da ya fi karɓar gyara, da jinkirin daƙiƙa biyu don kada hannu ya girgiza ta. Kyamarar kuma tun da ta fita bai sake shigar da ita mota ba, in sanyi ya ishe shi shi kaɗai yake shiga. In zai leƙa allo sai ya riƙe numfashi don kada tururin bakinsa ya hau gilashi.

Wajen goma saura aka fara ganin baka mai launin toka daga gabas zuwa yamma, a ido kamar gajimare, a kyamara kore shar, don idon mutum a duhu ba ya rarrabe launi sosai, ita kuma kyamara tana tara haske na daƙiƙoƙi. A nan daƙiƙa 8 ta yi daidai. Can wajen sha ɗaya da kwata abin ya ɓalle, bakan ya tsage ya zama labule yana kaɗawa, ƙasansa ruwan hoda, yanzu kam ido ma na ganin koren, dusar ƙasa duk ta koma kore. Hotuna huɗu na farko a daƙiƙa 8 sun cakuɗe sun zama kunu don hasken na gudu, sai ya tuna ya sauko daƙiƙa 2 ya ɗaga ISO zuwa 6400, nan take layukan labulen suka fito ɗaya-ɗaya kamar zaren saƙa. A saƙon muryar da ya ɗauka lokacin ba ka jin komai sai "Subhanallah, Subhanallah" da ƙarar takalmi a kan dusa.

Batir na farko ya mutu bayan minti 50, ya mayar da shi ƙirji ya sa wani, bayan rabin awa na farkon ya farfaɗo da kusan rabi, haka ya yi ta juya su har aka tashi. Kuskure ɗaya ya yi, ya cire safar hannu duka biyu don ya kwance wani ƙarfe a jikin ƙafar kyamarar, bai fi minti biyu ba, kan yatsunsa biyu suka yi fari fat ba ya jin su. Direban ya hana shi murzawa, ya sa ya cusa hannun a hammatarsa cikin mota har jini ya dawo, ya ce zafin dawowar ya fi na sanyin. Kafin su taso ya cire memori, ya sa kyamara a leda ya zuge tun a waje, bai buɗe ba sai da safe. Gumin duk a bayan ledar ya tsaya.

Rana ta shida da ta bakwai

Rana ta shida ya je wajen wasu makiyaya 'yan ƙabilar Sami, masu kiwon rendiya, barewar nan tasu mai ƙaho rassa-rassa. Ya tambayi mai garken ko guda nawa gare shi, mutumin ya yi murmushi ya ce ba a wannan tambayar a wurinsu, nan ya tuna ai ko a gida ba ka tsayar da Bafulatani ka ce shanunka nawa, ya ba da haƙuri. Mutumin ya nuna masa cewa yawancin masu ƙahon da yake gani a wannan lokacin mata ne, manyan mazan sukan zubar da nasu a farkon hunturu. Dabbobin a tsaye suke suna cin gansakuka, don haka 1/125 a f/2.8 da ISO 1600 ya ishe shi, da lensinsa na biki, kuma shuɗin hasken nan da ya cuce shi a teku a nan shi ya ƙawata hoton, tururin hancin dabbar ya fito sarai. Daren shida da na bakwai taswira ta nuna gajimare har cikin Finlan, bai kashe kuɗinsa ba, ya kwanta.

Abin da ya dawo da shi

Orora: dare huɗu na fita ko jira, dare ɗaya ne ya ba da hoto, 212 ya ɗauka a cikinsa, 40 masu kyau, uku mun buga su manya. Rendiya: 18 masu kyau. Wel: shida na waya. Mikiya: babu. Kyamara lafiya lau. Fatar yatsun biyu ta saɓule bayan kwana goma ta warke.

Yadda na ga lamarin

A ganina dare ukun farko ba rashin sa'a ba ne, ya sa ido ne a kan lambar Kp alhali gajimare ne ke tsakaninsa da abin da ya je nema, kuma an faɗa masa tun rana ta biyu a masallaci, baƙo ko da ido makaho ne. Da ya bi maganar dattijon a daren Juma'ar da ya samu dama uku maimakon ɗaya. Abin da ya faru a bas kuwa tarbiyyar shagona ce ta bi shi, mu a Kano haske ya yi mana yawa, abokin gabarmu ƙura ce, mun saba goge gilashi da rungume kyamara a jiki da barin fokos ya yi kansa, can kuma laima ce abokiyar gaba, duk abin da hannunsa ya saba sai da ya zama illa. Gyaran bai ci kuɗi ba, leda da salatif da aljihun ƙirji.

Na wel ɗin ne ba shi da gyara a cikin tafiyar, don tun a ɗakinsa a Ingila aka yi kuskuren. Duhun da ya zaɓa saboda orora shi ya hana shi hoton kifi, buri biyun ba sa son kwanaki ɗaya. Da ya je a farkon Nuwamba da ya samu rana ta 'yan awanni a Skjervøy kuma dare na nan da tsawonsa. Sannan ya auna lensi da tsawo alhali a wurin da faɗin ƙofa ake aunawa. A nan ina da nawa kason, kuma ya dame ni, lensin da ya dace da jirgin nan yana cikin durowar shagona a ranar, na yi bukukuwa tara da shi a Disambar. Na samu wani abokin ciniki da zai tafi Manchesta bayan sallah, na riga na naɗe shi a akwatinsa da sabon batir orijinal guda biyu.